Ruwan Alwalar Baba

Mahaifina aikin famfo ya yi. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haɗa bututu a gidajen Gusau, kuma lokacin da masu hali suka fara sha'awar famfon ado, irin wanda ke tsarto ruwa sama a tsakar gida ya zubo cikin kwarmin siminti, shi ake aikowa a ɗauka. Ya yi ɗaya a wani masaukin baƙi a Gusau, ya yi wani a gidan wani attajiri a Tsafe, wanda ruwansa ke buɗewa kamar lema. Ni kuwa boko na yi, har na zama malamin Fiziks a makarantar sakandare. Ba zan ɓoye ba, na daɗe ina ganin abin da Baba ya sani da hannu ni na san shi da lissafi, saboda haka na fi shi. Ban taɓa furtawa ba, amma ya gane. In na ɗauko dogon bayani a gabansa sai ya ce, "To, malamin ruwa," ya ci gaba da abin da yake yi.

Shekara uku bayan rasuwar Inna hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi da shanyewar ɓarin jiki, gefen dama. Hannun ya mutu gaba ɗaya, ƙafar kuwa yana janta da taimakon sanda, harshensa ya yi nauyi har kalma biyu ko uku ne ke fita a lokaci guda. Ya koma gidanmu na Bungudu, inda ƙanena ke zaune da matarsa. Ƙanen nawa hatsi yake saye a ƙauyuka ya kai Gusau, da asuba yake fita sai gab da magariba. Matarsa 'yar Tsafe ce, mai kawaici, a lokacin tana da goyo. Ni ina Gusau da iyalina, Asabar da Lahadi nake zuwa. Ke nan daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, mutum biyu ne manya a gidan, suruki da surukarsa.

Wanda bai taɓa rasa hannu ba bai san alwala aikin hannu biyu ba ce. Ɗaya na riƙe da buta, ɗaya na tarbar ruwa. Da asuba ƙanena ke zuba wa Baba, da magariba ma shi ne. Azahar da la'asar ne a tsakani, kuma duk lokacin da ƙanena ya dawo ya tambaya, amsar ɗaya ce: "Ina da alwala." Mu kuwa maimakon mu tsaya mu yi tunani sai muka dinga yabawa. Na tuna da bakina na ce wa matata, kin ga tsofaffin da, alwalar asuba ta kai su magariba. Har yau in na tuna wannan magana ina jin kunyar kaina.

Da bazara ta kama, zafin da ke sa bangon ɗaki ya yi ɗumi har bayan isha'i, sai ƙanena ya buga mini waya ina tsakiyar aji. Baba ya sulale a kan tabarmarsa, ba ya gane mutane. Muka kawo shi asibiti a Gusau, aka sa masa ƙarin ruwa leda bayan leda. Likitan ya ja mu gefe ya ce jikin tsohon ya bushe, ƙodarsa ta fara gajiya, in aka sake irin wannan ba ya ɗaukar mana alkawari. Sannan ya dube mu ya ce, "Wai ba ku ba shi ruwa ne a gida?"

Raina ya ɓaci, kuma ni mutum ne mai saurin hawa. Na juya kan ƙanena, ƙanena ya juya kan matarsa, wadda ke tsaye can bakin baranda da ɗa a baya. Ba ta ɗago kai ba. Da mijinta ta yi magana, amma don in ji.

"Kullum sai na aje mashi kwanon sha bakin ƙohwa, da sahe da rana. Yadda na aje shi haka nika ɗauke shi. Na hwaɗa maka tun watan jiya, kac ce Baba ba mai shan ruwa ba ne."

Ƙanena ya sunkuyar da kai. Nan take abin ya haɗu a kaina. Baba ba ya shan ruwa da rana don kada fitsari ya kama shi, don kada alwalar ta karye, don kada ya buɗe baki ya kira matar ɗansa ta zo ta tsuguna a gabansa da buta. Abin da ya shafi bayi ya san yadda yake lallaɓawa shi kaɗai, ba mu taɓa tambaya ba. Amma wanke fuska da hannu da ƙafa a tsakar gida, wannan sai da mai zubawa. Kunyar suruka ce ke neman kashe mana uba muna yaba masa.

Da aka sallame shi muka koma Bungudu, na zauna gabansa na yi ta zuba. Na ce addini bai ɗora masa wannan ba, na ce limamin unguwa da kansa ya ce mai lalura irin tasa yana iya taimama, na ce yarinyar nan 'yarsa ce. Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya nuna randa da sandarsa.

"Ruwa... ga shi."

"Baba, na gani. Amma ba ka iya zubawa."

"In bugi ƙasa... ruwa na kallona?" Ya girgiza kai. Da na sake ambaton matar ƙanena sai ya kawar da fuska ya ce, "Ɗiyar mutane." Na san halinsa, an rufe wannan ƙofa.

Dabara ta farko mai sauƙi ce. Gidan ba ruwan famfo, 'yan garuwa ke kawowa, don haka muka ɗora duro a kan bulo muka sa masa kan famfo. Mai hannu ɗaya zai iya buɗewa ya tara. Kwana huɗu ya yi amfani da shi. Tafin hannu guda ba ya ɗaukar ruwan da zai kai fuska, kafin ya iso rabi ya tsiyaye, saboda haka Baba ya riƙa sunkuyawa yana kai fuskar wajen famfon. Ranar ta biyar jiri ya ɗebe shi yana sunkuye, goshinsa ya bugi bulo. Maƙwabta matar ƙanena ta kira suka ɗaga shi. Washegari kwanon sha ya koma wuni cike.

A hanyar komawa Gusau cikin bas, ina matse tsakanin buhun barkono da wani mai kaji, tunanin ya zo mini. Tun da Baba ba ya iya sunkuya wa ruwa, to ruwan ya taso ya same shi. Famfon ado ke nan, ƙarami, na mutum ɗaya. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Wannan ai darasin da nake koyarwa duk shekara ne. Ruwan da ya fito daga duro ba zai taɓa tashi ya wuce tsayin ruwan da ke cikin duron ba, kuma ba zai ma kai ba, domin gogar bututu na cin wani abu daga ƙarfinsa, iska ma ta ci nata. Na cika takarda biyu da lissafi, na shiga kasuwa na sayi bututun roba da gwiwoyin haɗa shi a kwana da gam da makunni mai hannu, irin wanda ake turawa gefe ya buɗe.

Ranar Asabar muka ƙara wa duron bulo har ya wuce tsayin mutum. Na sauko da bututu, na bi da shi ƙasa, na tayar da shi tsaye cak a gaban kujerar Baba. Don ruwan ya yi ƙarfi sai na gasa bakin a wuta na matse shi da filaya ya zama ɗan tsiriri. Baba na zaune a inuwa yana kallo tun farko. Sau biyu ya buga sandarsa a ƙasa, ni kuwa na ce, "Baba, bari ka gani dai." Ban tambaye shi komai ba. Mutumin da ya yi wannan aiki tun ba a haife ni ba yana zaune taku uku daga inda nake, ni ina duba takarda.

Na zaunar da shi na buɗe. Ruwan ya yi tsalle ya wuce kansa, ya tarwatse ya zama feshi tun bai kai ƙarshen tashinsa ba. Wanda ya juyo ƙasa ya faɗo kan wanda ke tasowa, sai tsiririn ruwan ya riƙa tsukewa yana miƙewa, yana watsi hagu da dama. Iska ta kwashi feshin ta kai ƙofar ɗakin girki. Abin da ya rage ya bugi ƙasa ya fantsamo taɓo a kan farar rigar Baba, rigar da zai yi salla da ita. Ya runtse ido, ruwa na bin gemunsa, bai ko ɗaga hannu ya kare ba.

"Kashe," ya ce. Na kashe. Ya dubi ƙasar da ta jiƙe, ya dubi rigarsa, ya ce, "Ɓanna."

Na shiga zaure na zauna ni kaɗai. Haushi nake ji, kuma na san ba haushin kowa ba ne sai nawa. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni nawa har da takardar shaida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na fahimci in wannan ya ƙi, ba ni da wata dabara, kuma damina da saura. Ina nan zaune na ji ƙwanƙwasar sanda a jikin bututu, sau uku, irin kiran da yake yi wa leburori a da. Na fito.

Ya ɗora bakin sandar kan tsiririn da na matse.

"Yanke."

Na ɗauko zarto na yanke. Ya miƙo hannun hagu, na kai masa bakin, ya zagaya shi da babban yatsa ya ji kaushin da zarto ya bari. Ya yi tsaki. Na goge da samfefa, ya sake shafawa, ya sake maido mini. Sai a karo na huɗu ya gyaɗa kai. Sannan ya bugi gwiwar da na sa dab da bakin ya ce, "Nesa." Ya nuna daga gwiwar hannunsa zuwa yatsa, wato a bar kamu guda na miƙaƙƙen bututu kafin ruwa ya fita. Na san dalilin, kuma sanin ya ƙara mini kunya. Ruwan da ya sha kwana yana fitowa ne a hargitse, yana juyi a cikinsa, kuma kowane ɗan kaushi a bakin bututu yana yagar gefensa. Irin wannan ruwa ba ya jimawa a dunƙule, da ya fito yake watsewa. In ana son ya fito sumul sai an ba shi miƙaƙƙiyar hanya ya natsu, da baki mai faɗi da santsi, kuma kada a matsa masa.

Na gyara bututun yadda ya nuna. Daga nan ya share ƙasa da ƙafarsa mai lafiya, ya zana layi da sanda. Layin ya tashi a karkace, ya lanƙwasa, ya sauko can gefe. Ya ɗora sandar a kan ƙololuwar lanƙwasar, ya ɗago ya nuna fuskarsa.

"Nan," ya ce. Ya yi ta kokawa da harshensa kafin sauran ta fito. "Nan ruwa ka hutawa."

Na karkata bututun yadda ya zana, na tura makunnin rabi. Ruwan ya fito ba ƙara, a dunƙule, garau har kana hango zanen tabarma ta cikinsa. Ya tashi yana rage sauri, domin ƙasa na jansa baya tun daga fitarsa, kuma yadda yake rage sauri haka yake ƙara kauri, tun da ruwan da ya shigo ta ƙasa dole ya wuce ta sama, in bai wuce da gudu ba sai ya wuce da faɗi. A ƙololuwa tashin ya ƙare, faɗuwa ba ta kankama ba, sai ɗan tafiyar gefe da ta rage masa. Nan ya fi kauri, nan ya fi laushi. Da ya wuce nan sai ya fara gudu yana sirancewa, jikinsa ya soma yin ƙulli-ƙulli kamar carbi, can kusa da ƙasa ya tsinke ya zama ɗigo. Kuma da yake a karkace yake, mai saukowa bai taɓa mai tasowa ba.

Na sha zana wannan lanƙwasa a allo da alli. Na sha cewa yara su lissafa mini inda saurin ya fi ƙanƙanta, in bai wa wanda ya samo amsar maki. Ban taɓa tunanin wuri ne da tsoho zai iya sa fuskarsa ba. Na sa bayan hannuna a wurin, ruwan ya kwanta a kai ya gangara, ko ɗigo bai fantsama ba.

Na ɗauka an gama, na jawo kujera zan kafa. Baba ya tare ta da sanda, ya nuna duron ya ce, "Rabi." Sai da ƙanena ya kwashe rabin ruwan ya juye a randa. Muka sake buɗewa, lanƙwasar ta rage tsawo da kusan taƙi guda, ƙololuwar ta matso baya. Da na kafa kujerar bisa awon cikakken duro, da ruwan la'asar bai kai haɓarsa ba. Muka auna wurin zama da rabin duro, in ya cika kuwa sai ya rage makunnin. Makunnin ma sai da ya sa aka sauko da shi daidai gwiwarsa ta hagu, don hannun ya zama ba shi da wani aiki sai wanka. Inda ruwan ke sauka muka haƙa rami, ƙanena ya ɗauko tsakuwa a buhu daga Kwatarkwashi a bayan babur muka cika shi, ɗigon ya riƙa nutsewa tsakanin duwatsun ba ya tayar da taɓo. Muka ja 'yar hanya daga ramin zuwa gindin zogale. A ƙarshe muka kewaye wurin da zana, ta yadda daga ɗakin girki ba a hango kowa.

Ranar Litinin ban je makaranta ba, na aika cewa ina da uzuri. Ƙanena ya fita da asuba kamar kullum. Na yi wa Baba sallama na ce na tafi Gusau, na fita, na zagaya na dawo zaure na zauna a inda tsagar ƙyaure ke kallon zanar daga gefe. Ƙarya na yi masa, kuma ban yi nadama ba. In ya san ina nan zai yi don ni, ni kuwa so nake in ga abin da zai yi in ba kowa.

Rana ta take. Kaji sun shige ƙarƙashin rumbu, gidan ya yi tsit sai kukan jaririn jefi-jefi. Tun da hantsi matar ƙanena ta kawo kwanon sha ta ajiye a bakin ƙofarsa ta juya. Ina kallon kwanon har aka kira azahar, bai taɓa shi ba. Zuciyata ta karye. Na ce a raina duk wahalar banza ce, tsohon nan ya riga ya yanke abin da zai yi da ransa.

Sai na ji jan ƙafa da bugun sanda. Ya fito a hankali, ya wuce kwanon, ya shiga bayi. Ya jima. Da ya fito sai ya nufi zanar, ya zauna, ya jingine sandar. Da haƙori ya ja hannun rigarsa na hagu sama. Ya ɗauko mataccen hannun ya shimfiɗa a kan cinyarsa, ya yi bisimilla a fili, ya tura makunnin da gwiwa.

Ruwan ya taso ya lanƙwasa a gabansa. Ya wanke tafinsa, ya ɗago na daman ya wanke shi yatsa bayan yatsa. Ya kurkure baki, ya shaƙa ya fyace. Sannan yana zaune a miƙe, bai sunkuya ba, ya ɗan matsar da kai gaba ruwan ya kwanta masa a goshi, ya bi da tafinsa yana cuɗawa har gemu. Ya wanke damtsen dama. Na hagun da ba mai cuɗa masa, sai ya tara shi a ruwan ya goga shi a jikin na daman da ke kwance, ciki da baya. Ya shafi kai da kunne. Ya ja makunnin baya kaɗan, lanƙwasar ta gajarce ta sauko kan ƙafafunsa, ya cuɗa ɗaya da ɗaya. Ya rufe. Rigarsa a bushe take in ban da bakin hannu. Ya ɗaga yatsa sama, leɓɓansa na motsi, ya daɗe a haka. Ni dai a zaure hawaye nake yi, ina danne bakina da hula kada ya ji.

Ya yi sallarsa a zaune a ƙofar ɗaki. Yana cikin lazimi matar ƙanena ta fito, kanta a ƙasa, ta zo ɗaukar kwanon safe ta sauya da na rana kamar yadda ta saba. Ta durƙusa daga nesa ta miƙa hannu. Baba ya yi gyaran murya, ta tsaya cak. Tun da aka kawo ta gidan bai taɓa yi mata magana kai tsaye ba, sai dai ta bakin mijinta.

"Dakata," ya ce.

Ya jawo kwanon da hannun hagu, ya kafa kai. Ina jin saukar ruwan a maƙogwaronsa daga inda nake. Bai ɗago ba sai da ya shanye, ya kifa kwanon ya ga ba saura. Sannan ya tura mata shi a kan tabarma, fuskarsa na kallon bango.

"Ɗiyata, ƙaro."

Ta ɗauki kwanon da hannu biyu ta nufi randa, tana tafe tana share ido da gefen mayafinta.